Filin Ƙwallonmu na Ƙarshe

Gasar ƙwallon ƙauyukanmu ba rufe ta aka yi ba. Ba a kira taro ba, babu kuma wanda ya miƙe ya ce jama'a an gama. Idan ka tambayi tsofaffin da suka rage tsakanin Hajj Abdalla da Sinnar, wani zai ce maka samari ne suka watse zuwa Madani neman aiki, wani ya ce rediyo ce ta shigo kowa ya koma sauraron wasan manya. Duk da gaskiya a ciki. Amma ni na san makon da ta tsaya, domin ni ne mai tsaron gida a wasan ƙarshe, kuma filin da aka buga shi a hannuna yake.

Sai na fara da ƙasar, in ba haka ba ba za a gane ba. A Jazira mutum ba ya noma abin da ya ga dama. Kowane manomi yana da hawasha, wato gonar da masu kula da noman auduga suka yanka masa, kuma su ne ke faɗa masa abin da zai shuka. Bana auduga, baɗi a bar ƙasa ta huta, sannan dawa, sannan wake, a sake barin ta. Gonar da aka bari ta huta shekara guda ita ake kira bur. Mu Hausawan kambo, 'yan ƙananan ƙauyukan leburori da ke maƙale a bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, yawancinmu ba mu da hawasha. Iyayenmu sun taso daga yamma da niyyar hajji, guzuri ya ƙare musu a nan, suka tsaya tsinkar auduga kafin su ƙarasa, ga mu har yau. Mu nome gonar wani, mu tsinke audugar wani, mu tumɓuke karan wani mu ƙone. Ƙasar da muke takawa da gadara ita ce wadda ba a shuka komai a kanta ba, ita ma aron shekara guda ce.

Telan ƙauyenmu ne ya kawo ƙwallo. Usta muke ce masa, yadda ake kiran duk mai sana'ar hannu a nan. Ya yi shekaru yana ɗinki a kasuwar Madani, ya dawo da keken ɗinki, da tarin da bai rabu da shi ba, da ƙwallon fata mai igiya a baki. Ban taɓa ganin ya buga ta ba, don ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya gajarta. Amma shi ya hau jaki ya zaga ƙauyuka shida ya shawo kan dattawa, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin a wajen mahaifina da ire-irensa, ƙato ya kama bin fata da gudu alama ce ta an fara taɓuwa. Usta ya ɗinka wa kowane ƙauye rigunansa. Namu shuɗi ne mai zuba, idan muka yi gumi sai mu koma gida kamar an tsamo mu daga marina. Ina ɗan shekara goma sha tara a lokacin, Turawa ba su daɗe da tafiya ba.

Dauri muke ce wa gasar, da kalmar Larabci, kowane ƙauye ya kara da kowane, gida da waje. Lokacinta bazara ne, bayan an ƙone karan auduga an rufe ruwan tur'a, sa'ad da babu aikin kowa da za a ce mun bari. Kowane ƙauye zai nemi bur mafi kusa da shi, a je a roƙi mai shi. Ba su cika hanawa ba, wai takawarmu tana kashe musu ciyawa. Sai a shiga gyara. Kwana uku ana baje tsofaffin kunyoyi da fartanya, sannan a dawo kan tsaga. Baƙar ƙasar nan idan ta bushe darewa take yi, tsaga ɗaya sai ta haɗiye ƙafar mutum har ƙauri, akwai wadda za ka zura sanda ba ka ji inda ta tsaya ba. Mukan kwaso ɓurɓushin ƙasa a kwando mu zuba mu tattake har saman ya yi sumul. Can ƙasa dai a buɗe take, mun sani, amma wa ya damu da inda ƙafa ba ta kaiwa.

Saboda haka ba mu taɓa yin shekara biyu a fili ɗaya ba. Bana yana gabas da kambo, baɗi bayan maƙabarta, wata shekarar sai an yi tafiyar rabin sa'a a bakin tur'a. An taɓa yin shekarar da baƙi suka nufi filin bara kai tsaye da rigunansu, suka tarar an yi huɗa, suka zauna a gindin bagaruwa suna jira, mu kuma muna can wani wuri muna cewa tsoro ne ya hana su zuwa.

Ranar Juma'a ake wasa, bayan la'asar. Takalmi sai wanda Allah ya ba, kuma shi ma yakan cire don kunya. Alƙalin wasa wani malamin makaranta ne Balarabe daga Hajj Abdalla, yana zuwa a keke, an zaɓe shi ne don ba shi da dangi a kowane ƙauye. Yana da agogo amma ba a yarda da shi ba. Idan inuwar turken yamma ta kai tsakiyar fili a juya, idan aka ji kiran magariba an tashi, ko da ƙwallo tana sama. Doka ɗaya ce Usta ya kafe a kanta, cewa wasan da bai kai magariba ba, ba a yi shi ba, sai a sake daga farko.

Ni an sa ni tsaron gida ne don ba ni da gudu, kuma ba na tsoron faɗuwa. Tsinkar auduga ta riga ta mayar da yatsuna itace, ƙwallo ba ta da abin da za ta yi musu. Shekara goma sha huɗu na tsaya tsakanin turaku biyu na bagaruwa da igiya a sama, kuma a shekarun nan duka ba mu taɓa ɗaukar kofi ba. Kofin wani gwangwani ne mai hannu biyu da Usta ya sayo a Madani, yawancin rayuwarsa a ƙauyen gabas ya yi ta, tsallaken tur'a. Suna da wani dogo mai buga ƙafar hagu. Bahagon nan ya zura mini ƙwallayen da ban san adadinsu ba, kuma duk sa'ad da ya zura sai ya tsaya ya miƙo hannu ya ɗaga ni ya ce, "Malesh, ɗan'uwa," wato in yi haƙuri. Da ya yi dariya ya wuce da ya fi mini sauƙi.

Sai aka gama madatsar ruwa a Rusairis. Mu a kambo labari kawai muka ji, wasu samarinmu sun je can ɗaukar siminti sun dawo da rediyo. Abin da muka gani da ido shi ne tur'ar da ke bushewa duk bazara ta fara kawo ruwa da wuri. Da ruwa ya yawaita sai aka ce ƙasa ta daina hutu. Aka shigo da gyaɗa, aka shigo da alkama. Ana kwashe amfani tarakta za ta shiga ta juye gonar, ta bar hoge kamar kan mutum, wanda ko jaki ba ya son takawa. Kowa ya ce alheri ne, kuma alheri ne ɗin, aiki ya samu, yunwar bazara ta ragu. Bur kuwa ya dinga ɓacewa ɗaya bayan ɗaya.

Ƙauyen kudu ne suka fara rasa fili, suka koma buga wasan gidansu a wajen maƙwabta. Da shekara ta zagayo, wasu ƙauyuka biyu suka biyo su. Wasa a gidan wani kullum yana kashe jiki, ga tafiya, ga babu mai yi maka ihu. Ƙauyuka biyu suka janye ba tare da sun ce sun janye ba, kawai Juma'arsu ta zo ba a gan su ba. A shekarar da nake ba da labari, mu huɗu muka rage, kuma bur ɗaya tak ya saura a duk yankin, hawashar wani dattijo Balarabe da ke arewa da kambonmu. A nan kowa ke wasa. Wataƙila don haka ne, da yake filin gidanmu ne kowace Juma'a, muka wayi gari mun kai wasan ƙarshe kunnen doki da ƙauyen gabas. Wanda ya ci shi ne da kofi. Usta ya rame a watan nan, tarinsa ya ƙaru, amma idonsa kamar na ango.

Ranar Litinin kafin wasan dattijon mai hawasha ya aiko kirana. Na yi masa noma shekara da shekaru, Ammi nake ce masa, wato baffana. Na same shi a zaune a kan gadon igiya a inuwar ɗaki. Da Larabci ya yi magana. Ya ce mufattish, jami'in da ke duba gonaki, ya zo ya ce bur ɗin nan ba zai ƙara kwana ba, gyaɗa za a sa masa bana. Ya ce 'ya'yansa suna birni, shi gwiwa ta ƙi, kuma kowa ya san gyaɗa sai Bahaushe.

"Ka noma, ya waladi," in ji shi, wato ɗana. "Rabi naka, rabi nawa."

Ina da shekara talatin da uku, da mata, da 'ya'ya uku, na huɗu yana ciki. Mahaifina ya rasu bai taɓa jefa iri a ramin da zai ce abin da ya fito nasa ne ba. Ban yi wani tunani ba. Na ce na karɓa, muka yi fatiha.

Daga nan na wuce wajen gafir, mai gadin ruwa, shi ke buɗe ƙofar tur'a ya rufe, shi ya san ranar kowa. Kafin tarakta ta shiga ƙasar da ta shekara a bushe sai an ba ta ruwan farko ta yi laushi. Gafir ɗin Bahaushe ne ɗan wani kambo, ya girme ni.

"Naka rabo Juma'a," ya ce, "tun hantsi har rana ta hwaɗi. In ka bari ya wuce, halas, sai bayan sati biyu."

"Yaya, Juma'a akwai wasa."

"Na sani. Ni ma zuwa kallo nika yi. Amma moya ba ta san wasa ba." Moya ake ce wa ruwa a nan.

Na koma gida na faɗa wa matata. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Malam, in ka ƙi, wani na amsa," ta ce. "Ruwan ga dai sai an sa wa gonar, da kai da ba kai."

Gaskiya ta faɗa, na kuma sani. Sai na zauna na yi dabara, kuma har yau idan na tuna yadda na ji daɗin dabarar nan sai in ji kunya. Hawashar doguwa ce, ruwa ta gabas yake shiga, fili kuwa yana can ƙarshen yamma, bai ci ko sulusinta ba. Na ce zan tayar da babbar kunya a tsakani, in saki ruwa ya cika gabas ya tsaya a bayanta, ana kiran magariba in fasa ta ya malala kan fili. Ga gona ta sha, ga wasa an yi. Laraba da Alhamis na yi ina tayar da kunyar nan ni kaɗai, har ta kai mini gwiwa, na tattake ta da ƙafa. Na gaya wa Usta na sami gona, ya yi murna ya sa mini albarka. Maganar ruwa ban yi masa ba, na ce ba sai na tayar wa mai tari hankali ba.

Juma'a da hantsi na cire toshiyar bakin gona da hannuna. Ban taɓa yi ba a rayuwata. Ruwan ya shigo ja, yana turo tarkacen ciyawa a gaba, ƙasa tana ƙara tana fitar da kumfa. Na tsaya na ɗan kalla, na ga tafiyarsa a hankali take, ko rabin hanya zuwa kunyata bai kai ba. Na je masallaci hankali kwance.

Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba. Har 'yan ƙauyukan da suka janye sun zo, a ƙafa da kan jakuna. 'Yan gabas sun zo a lori, da kofin a naɗe cikin mayafi. Mata suka jera murhun shayi a bakin tur'a. Usta yana kan kujerarsa ta ɗinki da aka ɗauko masa, a daidai tsakiya.

Muka ci tun inuwa ba ta yi nisa ba. Ba wata ƙwallon kirki ba ce, an bugo daga kusurwa, aka yi cincirindo, ta bugi gwiwar wani namu da bai ma san tana zuwa ba, ta gangara ciki. Amma ta shiga. Kambonmu ya ɗauki ihu, na hango Usta ya miƙe ya dafa kujera yana tari yana dariya. Daga nan 'yan gabas suka taso mana. Sau biyu na tare bahagon, ta biyun da fuska. Aka juya muna da ɗaya, ba su da ko ɗaya.

Bayan juyi ni ne a gidan gabas, kunyata tana bayana taku ashirin. Na waiwaya na dube ta, tana nan daram, bayanta ma ruwan bai taru sosai ba. Ba a daɗe ba na ji sanyi a tafin ƙafata. A watan nan ƙasa ƙuna take har bayan la'asar, saboda haka sai da na duba. Wani baƙin layi ne siriri ya bi ta ƙarƙashin ƙafata ya yi gaba. Gefensa wani, can ma wani, suna rassa suna haɗewa kamar jijiyoyin bayan hannun tsoho. Tsofaffin tsagogin da muka rufe ne. Ɓurɓushin da muka zuba musu yana jiƙewa daga ƙasa yana zaunawa, a hankali, ba ƙara ba komai.

Na ɗaga ido na dubi rana, na ga da sauranta.

Layukan suka wuce ni suka shiga fili. Ƙwallo ta fara nauyi, tana ɗaukar laka, idan aka buga sai ta yi taku biyar ta zauna. Masu wasa suka fara duban ƙafafunsu. Sai bahagon ya sami ƙwallo ya taho da gudu, ya wuce biyu, saura ni, ƙafarsa ta dama ta nutse har gwiwa, ya kife. Ya zaro ta baƙa ƙirin, ya zauna yana kallonta. A inda ƙafar ta fito ruwa ya tsattsafo ya cika ramin. Malamin ya hura usur, ya zaga ya tattaka nan da can, ya dubi Usta, ya girgiza kai. Ko rabin hanya daga juyi zuwa magariba ba a kai ba.

Mutane duk suka juyo suka dubi gabas, inda ruwa ke ƙyalli a bayan kunyata, sannan suka dube ni. Kowa ya san wanda aka ba gonar. Na sha jin mutane suna cewa a irin wannan lokaci sun so ƙasa ta buɗe su shige. Ni ban ji haka ba. Ban ji komai ba. Ina tsaye tsakanin turaku laka tana shiga tsakanin yatsuna, abin da ya zo mini a rai kawai shi ne ƙasar nan tana shan ruwa da kyau, za ta yi gyaɗa.

Dattijon mai hawasha ya zo kallo shi ma, a kan jakinsa. Ya matso ya dubi kunyar da na kwana biyu ina tayarwa.

"Ya waladi," ya ce, "ruwan farko ba ta sama yake tafiya ba. Ba wanda ya taɓa gaya maka?"

Ba wanda ya taɓa gaya mini. A ƙasar nan aka haife ni, babu kunyar da ban durƙusa a kanta ba daga nan har tsallaken tur'a, amma ruwan farko aikin mai gona ne. Mu sai ciyawa ta fito ake kiranmu. A cikin mu ashirin da biyu da ke filin nan babu wanda ya taɓa buɗe wa busasshiyar ƙasa ruwa.

Wasu daga cikin namu suka fara cewa ai mun ci, a ba mu kofi. Usta ya ɗaga hannu.

"Wasan da bai kai magariba ba, ba a yi shi ba," ya ce. "Ni na sa dokag ga, ba ni karya ta don ta zo kaina. Kwana bakwai na rana irin wagga, hilin na bushewa. Juma'a mai zuwa a sake."

'Yan gabas suka naɗe kofinsu suka hau lori. Da aka kira magariba na je na fasa kunyar kamar yadda na tsara, ko da yake babu sauran amfani.

Filin kuwa ya bushe. Zuwa Talata ana iya takawa, zuwa Laraba ya zama abin da ba mu taɓa samu ba a shekara goma sha huɗu. Ruwa ya kumbura ƙasar, tsagogin duk sun rufe bakinsu, saman ya kwanta lumui kamar daɓen ɗaki. Laraba da yamma Usta ya zo da bokitin toka, ya sake zana layuka da kansa, yana ɗingishi yana zubawa. Ya ce mini, "Ka gani? Ashe gyara ka yi muna." Na yi dariya don ya yi.

Alhamis ranar kasuwar da Usta ke kai ɗinki ce, tun da safe ya tafi. Da hantsi ina bakin gona sai ga tarakta ta biyo bakin tur'a ta tsaya. Direban bai kashe inji ba, daga sama ya yi magana. Ya ce yau yana wannan layin, daga nan zai tsallaka kudu, ba zai dawo ba sai bayan kwana goma sha biyu. In shiga ko in wuce?

Kwana goma sha biyu a zafin nan, ƙasar ta koma dutse, ruwan da ta sha ya tafi a banza, shuka ta makara. Kwana ɗaya kawai nake bukata, shi kuma ba shi da shi. Na ce ya jira, na ruga wajen dattijon, ina fata a raina shi ya yanke, ko ta wace hanya, in ce ba ni ba ne. Yana kan gadonsa. Ya saurare ni har na gama.

"Gonarka ce yanzu," ya ce. "Yadda ka gani."

Ba a taɓa faɗa wa wani a gidanmu wannan maganar ba. Na dawo a hankali, ba da gudu ba. Ruwan Juma'a kuskure ne, kowa ya yarda da haka, ni ma na yarda. Na Alhamis ba kuskure ba ne. Babu kowa a wurin sai ni da direba, na dubi layukan toka, na dubi ƙasar, na ce masa ya shiga.

Ni na tumɓuke turakun huɗu na jingine su a bakin tur'a. Ya fara daga gabas. Na zauna na kalli garma tana juye ƙasa baƙa mai laushi, tsuntsaye suna bin ta a baya. Da ya iso kan fili bai ko rage gudu ba, layin tsakiya ya shige ƙasa a zagaye ɗaya. Kafin azahar ya gama ya tafi. Na jira in ji wani abu, baƙin ciki ko murna, ko wanne. Yunwa kawai na ji.

Ƙarar tarakta ba ta ɓoyuwa, kambo duk sun sani. Abokan wasana suka zo ɗaya-ɗaya, su tsaya a bakin gona, su ce sannu da aiki, in ce yauwa, su wuce. Dukansu masu iyali ne, kowannensu ya san abin da zai ce da shi aka tambaya. Wani ya ari keke ya tsallaka ya gaya wa 'yan gabas kada su wahalar da lori. Ba a sake sa wata rana ba. Baɗi aka nemi bur aka rasa, aka ce sai wata shekara, wata shekarar ma aka faɗi haka. Kofin ya zauna a gabas, na ji daga baya wai a shagon wani yake ana zuba masa alawa. Bahagon ya koma tuƙin lori tsakanin Sinnar da Rusairis, in ya gan ni a hanya yakan tsaya ya ɗauke ni, mu yi hirar farashin gyaɗa da ciwon baya.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, bayan la'asar, na hango Usta yana dawowa daga kasuwa a kan jaki. Hanyar gida ba ta nan take ba, ya ratso ne don ya ga ko iska ta share masa layuka. Ban tashi na gudu ba, ban kuma tare shi ba. Na tanadi magana tun azahar, ta direba da kwana goma sha biyu da cikin matata.

Ya tsayar da jaki ya daɗe yana kallo. Sannan ya sauko, ya shiga cikin kunyoyin da ƙafarsa mai gajarta, yana tangaɗi, har ya kai wajen da tsakiyar fili take. Ya sunkuya ya ɗebi ƙasa, ya murza ta a tafin hannu, ya shinshina. Ya dawo inda nake.

"Usta," na ce.

"Ta sha da kyau," ya ce. "Kak ka bari Lahadi ta wuce ba ka shuka ba." Ya yi tari, ya goge hannunsa a riga. "Kana da iri?"

Na ce ina da shi, amma ba zai kai ba.

"Akwai rabin buhu wurina. Taho ka ɗauka."

Da ya zage ni da na sami abin riƙewa. Ya hau jakinsa da ƙyar, ban ma tuna in taimaka masa ba sai da ya riga ya hau. Washegari Juma'a, bayan la'asar, na je gidansa na ɗauko irin a ka. Ranar Asabar na shuka.